Tarayya a Kan Abin Hawa: Daga Jakin Haya Zuwa Motar Lantarki a Ƙasar Gusau

Labari ya daɗe da iso mana cewa a waɗansu manyan biranen Turai da Asiya akwai motoci masu aiki da lantarki da ake ajiyewa a bakin titi, a jone da wayar caji, ba direba a ciki, ba mai gadi a gefe. Duk wanda ya yi rajista da kamfanin da ya mallake su, in bukata ta kama shi, sai ya zo ya buɗe guda da kati ko da wayar hannunsa, ya tuƙa kansa zuwa inda za shi, ya bar ta a wata matsaya, a lissafa mintocin da ya yi a cire kuɗin daga asusunsa, wani kuma ya zo bayansa ya ɗauka. Samarinmu da suka ga wannan a intanet sun kasu biyu, waɗansu suna ɗokin ranar da za ta iso Gusau, waɗansu suna cewa faufau. Alhali kuwa wanda ya bi diddigin yadda mutanen Gusau da Tsafe da Bungudu suka riƙa kai kansu da kayansu daga gari zuwa gari, tun zamanin da ba a san ƙarfe yana tafiya ba, zai tarar tarayya a kan abin hawa ita ce asali a ƙasar nan, mallakar abin hawa na mutum shi kaɗai kuwa rabon 'yan ƙalilan ne a kowane zamani; illa iyaka tarayyar tamu tana da wani ginshiƙi guda wanda waccan ta ture, watau mutum sananne da yake tsayawa tsakanin mai abu da mai hawa, ya ɗauki lamuni.

Garuruwan nan uku hanya guda ta ɗinke su. Mai fitowa daga Funtuwa, in ya wuce 'Yankara ya shigo ƙasar Zamfara, Tsafe zai fara tararwa. In ya ci gaba kimanin kilomita 50, ya bar dutsen Kwatarkwashi a baya, sai Gusau. Daga nan kuma abin da bai fi kilomita 20 da 'yan kai ba sai Bungudu, garin Sarkin Fulani, a bakin gulbin nan da ya taso daga wajen Funtuwa ya nufi Sakkwato. Kafin dukkansu su yi suna akwai 'Yandoto, kusa da Tsafe, matattarar malamai da fatake, wadda rundunar Muhammadu Bello ta ci wajen 1806 a farkon jihadi. Bayan wannan ne Malam Sambo Ɗan Ashafa, almajirin Shehu Usmanu, ya kafa Gusau wajen 1811, har yanzu kuma Sarkin Katsinan Gusau ake kiran sarkinta, na Tsafe kuwa 'Yandoto.

A wancan zamani, wanda ya ce zai yi doguwar tafiya shi kaɗai, ko dai bai san daji ba, ko kuwa ya gaji da ransa. Ayari ake bi. Madugu shi ne uban tafiya, shi ke sa ranar tashi, shi ke ciniki da sarakunan hanya a kan kuɗin wucewa da na fito, shi ke raba gardama in dabbar wani ta yi wa kayan wani ɓarna. Jagaba yana gaba yana duba hanya da mashaya da inda za a yada zango. Akwai kuma malamin ayari mai limanci da rubutu da lissafi. Masu zuwa Gwanja neman goro sukan shafe watanni, wani lokaci shekara, kafin su ga gida. Amma abin da ya fi shafar zancenmu shi ne ƙaramin falke da ɗan kwarami, waɗanda galibinsu ba su da jakunan da za su ishe su, sai su yi haya, ko su haɗa taikinsu da na wani a bisa jaki guda, kowa ya biya gwargwadon nauyin kayansa. Mai jakin ba ya bayarwa sai ga wanda ya sani, ko wanda fatoma ya tsaya masa, ko wanda madugu ya ce na san ubansa.

Malamanmu na fiƙihu ba su bar wannan mu'amala sakaka ba, kuma duk ɗalibin da ya kai babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaidin Ƙairawani, ko ya zurfafa zuwa Muhtasar na Halilu, ya karanta hukunce-hukuncen ijara da kira'i a zaure. Sun raba hayar dabba gida biyu. Akwai hayar dabba ayyananniya, inda mutum zai nuna jaki kaza ko raƙumi kaza ya ce shi na haya zuwa gari kaza; in dabbar ta mutu a hanya, ƙullin ya warware a kan abin da ya saura na tafiyar, a yi lissafin abin da aka ci. Akwai kuma haya mai lamuni, inda abin da aka ƙulla shi ne kai mutum ko kayansa wuri kaza, ba tare da ayyana dabba ba. A nan in ta mutu, wajibi ne mai bayar da hayar ya kawo wata ya cika alkawari. Sa'an nan suka ce wanda ya karɓi dabba haya amintacce ne, ba a ɗora masa ramuwa in ta halaka a hannunsa, sai fa in ya yi ta'adi ko sakaci, kamar ya wuce garin da aka ambata, ko ya ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Wanda ya riƙe wannan rabe-raben zai gane abin da ya biyo baya cikin sauƙi, gama motar da ake ɗauka a titin Turai a tuƙa da kai haya ce ta kashi na farko, tashar mota tamu kuwa kacokan a kan kashi na biyu aka gina ta.

Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, suka ɗora haraji na tsabar kuɗi, sai auduga da gyaɗa suka zama hanyar samun abin biya, su kuwa kaya ne masu nauyi da ke neman mafita zuwa bakin teku. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911. A ƙarshen shekarun 1920 aka ja reshe daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya tuƙe a Ƙauran Namoda a 1929. Wannan dogo shi ya mai da Gusau abin da ta zama: kamfanonin Turawa irin su John Holt da UAC suka kafa kantuna da sikeli, aka gina injin gurzar auduga, 'yan kudu ma'aikatan reluwe da akawuna suka cika Sabon Gari, 'yan baranda suka bazu ƙauyuka suna saye. Tsafe ta sami tasha a kan layi. Bungudu kuwa dogo bai bi ta kanta ba, domin daga Gusau arewa ya karkata, saboda haka manominta ya ci gaba da ɗora mangala bisa jaki da takarkari yana kai amfaninsa Gusau, har zuwa lokacin da manyan motoci masu bodin katako suka yawaita a hanyar Sakkwato. Mutane suka fara hawa bisa buhuna, kowa ya biya nasa, yaron mota yana maƙale a baya da guntun katakon da ake tokare taya da shi, in an zo hawa mota ta gaza ya diro ya cusa.

Daga nan tasha ta kafu da ƙa'idodinta, waɗanda ba a rubuta ba amma ba mai karya su ya kwana lafiya. Mota tana bin layi, ba ta yin lodi sai wadda ke gabanta ta tashi. Ɗan kamasho ke kiran fasinja, shi ke karɓar kuɗi, shi ke yanke na kaya bayan ya ɗaga buhu ya ji nauyinsa, shi ke cire rabonsa da na ƙungiya ya miƙa wa direba saura. Mota ba ta da agogo, cika ita ce lokacinta. Kana zaune rana na dukan kwano, kana jin muryarsa a waje, "Tsahe! Tsahe! Saura mutum guda!" alhali kai da kake ciki kana ganin gurbi biyu. In wata dattijuwa ta iso da ƙullinta sai ya sassauta murya, "Inna, taho ga wuri nan gaba, kawo kayan in aza miki," ya juya ga saurayin da ya riga ta zama, "Ƙanena, yi haƙuri ka koma baya, ka bar ma tsohuwa." Mai gaggawa kuma yana da mafita, ya biya kuɗin kujerar da ta rage a tashi, ko ya ɗauki shata ɗungurungum. In kuwa mota ta lalace a daji, direba ba ya cewa kowa tasa ta fisshe shi; zai tsai da wata ya yi wa fasinjojinsa juye, ya biya daga abin da ya karɓa, domin isarwa ya sayar musu. Ko ya karanta Risala ko bai karanta ba, da hukuncin haya mai lamuni yake aiki. Ƙungiyar direbobi ta ƙasa, NURTW, da aka kafa a 1978, ta tarar da wannan tsari ne a ƙasa, ta yi masa rasit da ofis da shugabanni; kuma ko da yake ana kuka da yawan kuɗaɗen da ake karɓa a tasha, kukan kuma yana da hujja, duk wanda ya taɓa manta jaka a mota ya koma ya same ta a ofishin ƙungiya ya san abin da yake biya.

Akwai fa wata sana'a guda wadda ita ce ta fi kusa da tsarin nan na Turai, ga shi kuwa har ta kusa shuɗewa ba wanda ya rubuta tarihinta, watau hayar keke. A kowace unguwa ta garuruwan nan akan sami mutum a gindin bedi ko a wata rumfa, ya jera kekuna, galibi tsofaffin Raleigh, ga famfo, ga kwanon ruwan duba faci, ga agogo a hannu ko a rataye. Mutum ya zo ya karɓa, ya tuƙa da kansa, ya je ƙauye gaisuwar mutuwa ko ya kai saƙo, ya dawo a lissafa masa sa'o'i. Yara kuma su tara 'yan kwabbai su karɓi ƙarami su koyi hawa a fili. Ba takarda, ba jingina, sai tambaya guda in baƙuwar fuska ce: "Yaro, kai ɗan wa na?" In ya ce, "Baba, ni ɗan Malam na, na bayan masallaci," shi ke nan, rajista ta kammala, gama in an karya sarƙa ko an lanƙwasa kafa, mai keke ya san zauren da zai yi sallama da magariba. Abin da ya ba wannan sana'a damar rayuwa shi ne arahar keke da ƙanƙantar gari; da kuɗin abin hawa ya yi yawa, gari kuma ya cika da baƙi, sai masu dukiya suka ga ya fi musu kwanciyar rai su damƙa ta ga mutum guda da suka sani, shi ya riƙa ɗaukar jama'a.

Abin da ya biyo baya sananne ne, ba sai an tsawaita ba. Arzikin man fetur ya kawo kamfanin haɗa Peugeot a Kaduna a 1975, 404 da 504 suka mamaye hanyar Zariya zuwa Sakkwato, masaƙar Gusau tana aiki, ma'aikaci yana iya sayen babur da albashinsa. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar Naira, sabuwar mota ta gagari mai haya, aka koma ga kwancen Turai, jirgin ƙasa ya yi ta ja da baya, 'yan kabu-kabu suka cika gari da babura. Da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara ran 1 ga Oktoba 1996, Gusau ta zama babban birni, ta yi faɗi fiye da abin da ƙafa za ta iya. A 2000, da aka fara aiki da shari'a a zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, aka hana masu babur ɗaukar mata, aka keɓe musu motocin haya nasu. Bukatar ta fi motocin yawa, kuma a nan kamar a Kano, inda gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta fito da A Daidaita Sahu, mai ƙafa uku ne daga baya ya toshe wannan gurbi. Shi ma a bisa tsohuwar ƙa'ida yake tafiya: mai kuɗi ya saya, ya ba direba bisa sharaɗin balas na kullum, ba ya kuwa miƙa makulli sai wani dattijo ya zo ya ce na tsaya masa.

Su Turawan da suka ƙago ɗaukar mota ba direba, ba dare ɗaya suka yi ba, ba kuma kullum suka ci riba ba. An fara jarrabawa a birnin Zurik na Suwizalan a 1948, inda wata ƙungiyar gama-kai ta sayi mota domin membobinta da ba su da halin mallaka. Na lantarki na farko da ya yi suna shi ne Witkar a Amsadam ta ƙasar Holan, daga 1974 zuwa 1986, 'yan ƙananan motoci farare masu ƙafa uku da kujera biyu, waɗanda da mutumin Gusau zai gan su sai ya ce keken haya ne aka yi wa gilashi. Suka yi fama da jinkirin caji, da kuma taruwar motoci a wata matsaya alhali wata ta zama wayam. Wanda ya fi shi girma nesa ba kusa ba shi ne Autolib na birnin Faris, wanda kamfanin Bolloré ya buɗe a Disamba 2011, ya kai motoci kusan 4,000, aka yi ta zuwa kallo daga ƙasashe, sa'an nan ya rufe a ƙarshen Yuli 2018 bayan hasara mai yawa da jayayya da hukumomin birni a kan wanda zai biya ta.  Cikin abubuwan da mutanen Faris suka yi kuka da su har da ƙazantar motocin da lalacewarsu, kuma a ganina wannan ba abin mamaki ba ne, domin an ɗauki hukuncin amintacce an ba wanda ba a sani ba, ba kuma wanda zai dube shi ido da ido sa'ad da ya dawo da abin.

To, lantarkin fa? Shi kam ya fara leƙo Arewa. A Afrilu 2021 hukumar ƙera motoci ta ƙasa, ƙarƙashin Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato wanda ya yi suna a kamfanin General Motors na Amurka da zanen motar Chevrolet Volt, ta buɗe wurin cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A Maiduguri wani matashi, Mustapha Gajibo, ya riƙa cire injin ƙananan bas yana sa musu batir. Da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 ta haye 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta dangana da 1,000, sai zancen ya fita daga bakin 'yan boko ya shiga tasha. A Disamba 2023 aka ƙaddamar da motocin haya fiye da 100 na gwamnatin Barno, cikinsu har da tasi masu lantarki. Abin lura shi ne dukkansu da direba suke, fasinja kuma kujera yake biya. Ta fuskar nisa kuwa ƙasarmu ta dace, gama zuwa Bungudu da dawowa, kai har Tsafe da dawowa, bai fi ƙarfin caji guda na motar zamani ba, ga shi ba juyen baƙin mai, ba fulogi, ba kaburata, abin da zai faranta wa direba rai ya tayar da hankalin bakanike da ɗan bumburutu.

Amma sharuɗɗan da motar da ba direba take tsayawa a kansu uku ne, wuta da sadarwa da aminci, kuma kowannensu mutanen Zamfara sun ga ranar da ya yanke. Wutar Gusau daga nesa take zuwa, ta layin Zariya da Funtuwa, a hannun kamfanin rarrabawa na Kaduna, kuma a Oktoba 2024 yawancin Arewa ta kwana cikin duhu fiye da mako guda saboda lalacewar manyan layuka. A Satumba 2021 an rufe layukan waya a faɗin jihar na makonni saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka hana sayar da mai a jarka, aka dakatar da kasuwannin mako. Motar da ba ta buɗuwa sai da waya, a irin wannan rana dutse ce a bakin titi. Hanyar Tsafe kuwa ta kai matsayin da direbobi ba sa bin ta bayan faɗuwar rana sai dole, suna tambayar juna labarin gaba, suna karanta fitilar mai tahowa, wani lokaci su taru su jira a tafi a jere. Ayari ya dawo ke nan, direban da ya san hanya ya koma jagaba, kuma babu mai hankalin da zai so a miƙa masa makulli a ce ya bi ta shi kaɗai.

Saboda haka abin da ya fi kama da gaskiya shi ne lantarki zai shigo ta mai ƙafa uku da babur da ƙaramar bas, a hannun mutanen da ke riƙe da sana'ar tun farko, caji kuma ya zama sana'ar wani mai rumfa da faifan sola, kamar yadda mai cajin waya yake karɓar wayoyin unguwa ya manna wa kowace lamba ya ba mai ita shaida. Matsalar da za ta zo gaban shugabannin tasha, watakila har gaban alƙali, ita ce ta batir, wanda shi ne mafi tsada a jikin abin, kuma zafin bazara da mugun caji suna rage masa kwana. Jaki in an zalunce shi da kaya gyambon bayansa yana ba da shaida, batir kuwa yakan mutu a hankali daga ciki, ba a gane ko ta'adin direba ne ko tsufa, ga mai abu yana jiran balas ɗinsa cikakke. Kamfanonin babur na lantarki irin su Ampersand a Ruwanda, da Spiro da ya yi ƙarfi a Binin da Togo kafin ya shigo Nijeriya, sun kauce wa wannan gardama ta hanyar riƙe mallakar batir a hannunsu: direba ya zo da wanda ya ƙare, a ba shi cikakke cikin 'yan mintoci, ya biya kuɗin wutar da ya sha, lalacewar batir kuwa tana wuyan kamfani. Kafin irin wannan ya yi aiki a nan, sai an sami rumfar musaya a Tsafe da Kwatarkwashi da Gusau da Bungudu, kowace da wutarta ta kanta da mai tsaronta, sa'an nan a zauna da ƙungiyar direbobi a yanke ko nawa ne rabon tasha a kan kowane batir.